Mai Ceton Da Iya Ta Kira

Zango,
18 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Talatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan mun gode Allah, ruwa ya sauka, gero ya tsiro, maza suna ta noman farko. Na san za ki ga sunana ki tsaya tunani. Ni ce Adawiyya, jikar Malam Kabo wan kakarki Iya Shatu. Ni ce doguwar nan da ta shimfiɗa muku tabarma ranar da kuka zo da marigayi babanki Hamma, yau shekara bakwai ke nan. Sunan asibitin da kike aiki a bayan hoton da kuka bari na gani, Harisu direba mai ɗauko dankali daga Jos kuma ya ce ya san wurin.

Ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Iya ta kwanta tun bayan babbar salla. Ba wani ciwo, tsufa ne, ci ya ragu, hankali kuma yana zuwa yana tafiya. Wata rana ta gane ni, wata rana ta kira ni da sunan uwata.

Ranar Laraba da hantsi ina ba ta koko, sai ta ture ludayin ta kama waƙa. Da farko dariya na yi, na ce yau kuma amarya ta tashi da nishaɗi. Sai na ji muryar ba irin tamu ba ce, ba ta niƙa ba ce, ba ta daɓe ba, ba kuma bege ba. Jan ta take yi a hankali tana cewa, "Hannuna dungu ne, ka riƙe shi haka nan." Ana cikin haka Haulatu maƙwabciyarmu, wadda ta yi zaman aure a Sabon Garin Kano, ta shigo aron rariya. Ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, ta ce, "Adawiyya, na shiga uku, wannan ai waƙar coci ce!"

Talatu, wallahi ban san lokacin da kwanon ya suɓuce mini ba. Ɗan koren kwanon nan nata da ba ta yarda ta sha komai sai a cikinsa, ya faɗi har gefensa ya lotse. Matar da ta koya mini alwala! Matar da babu yatsu a hannunta amma da dungun take tura carbi tun ban san kaina ba. Na zauna cikin koko, ita kuwa ko a jikinta, sai da ta kai waƙarta ƙarshe.

Na san ta yi shekara tara a asibitin kutare na 'yan mishan tun tana da ƙuruciya, can ta yi aure, can ta haifi babanki. A gidanmu ba a tayar da zancen wannan zaman, ko da wasa. Yanzu dole ta sa in tambaya. Me suka yi mata a can? Sun tsoma ta a ruwa irin yadda na ji kuna yi? Babanki bai taɓa gaya miki komai ba?

Kin san tun da aka kawo shari'a bara kowa a garin nan ya zama malami, har masu faci a tasha. Malam Nu'uman limamin unguwarmu mutumin kirki ne, amma ba ya lanƙwasa. Tsorona ɗaya ne, kada tsohuwar nan ta cika a rasa mai tsayawa ya sallace ta. Na haɗa Haulatu da Allah ta riƙe bakinta, ta rantse, amma Haulatu ce.

Ki ba Harisu amsa, don girman Allah kada ki ɓoye mini komai.

Yayarki,
Adawiyya


Jos,
9 ga Yuli, 2001

Yaya Adawiyya,

Salama gare ki da dukan gida. Ina gaida maigida Malam Saminu da yara, ina gaida Iya da jiki. Mu muna lafiya, sai sanyin damina da ya sa wa ƙaramin tari. Yaya za a yi in manta ki? Ke kaɗai kika yi mana murmushi a ranar nan.

A ɗakin canja kaya na asibiti na buɗe takardarki. Da na zo kan waƙar, sai na zauna a ƙasa da fararen kayana. Yaya, waƙar nan Baba yake yi kullum in yana aski. Har ya mutu ina tsammanin tasa ce.

Ga abin da ya gaya mini. A can asibitin, ranar da mace ta haihu ranar ake ɗauke jaririn a kai gidan reno, don kada ya kwashi cutar. Ran Lahadi bayan sujada ake barin iyaye mata su tsaya bayan waya su ga 'ya'yansu daga nesa, kallo kawai, ba taɓawa. Su matan ne suka ɗauki muryar wata waƙar coci suka sa mata kalmominsu, suna rerawa ta cikin waya. Baba ya ce da murya ya san uwarsa, bai san hannunta ba. Da ta warke Malam Kabo ya zo ɗaukarta, ya ce shi ƙanwarsa ya zo ɗauka, bai zo ɗaukar ɗan mishan ba. Ranar da kika shimfiɗa mana tabarma ita ce rana ta farko da Iya ta taɓa jikin ɗanta, yana da shekara arba'in da tara.

Maganar baftisma kuwa, ban sani ba. Baba ya nemi tsofaffin takardun wurin, aka ce gara ta cinye. Da muka zo Zango ya tambaye ta da kansa, a gabana. Ta dube shi ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Iyakar amsar da ya samu ke nan.

Kin ce kada in ɓoye miki komai, to ba zan ɓoye ba. Kuka na yi, amma na murna. Mu a wurinmu ceto ta hanya ɗaya yake, ta wurin Yesu Almasihu, babu wata ƙofa a gefe. Ba ni na tsara ba, haka muka gaskata, a kansa kuma aka binne Baba. Addu'arsa ta ƙarshe ita ce kada a raba shi da uwarsa sau biyu. Abin da kike tsoro, Yaya, shi nake roƙo tun ina yarinya. Na san maganar za ta yi miki zafi, amma gara ki ji ta daga bakina.

Don Allah in ta kama waƙar kada ki hana ta.

Ƙanwarki,
Talatu


Zango,
6 ga Agusta, 2001

Talatu,

Muna lafiya, Iya da sauƙi, ina fata tarin yaron ya tafi.

Lallai kin iya sakin magana! Na kawo miki kukana, ke kuma kika mayar da shi abin guɗa. Wato ni da uwata da ɗana Suhaibu da ya rasu yana wata takwas, da Zango kakaf, duk mun ɓace, ku kaɗai kuka san ƙofa? Shekara tara ina wankin matar nan, ina kwashe mata fo, ke kina can cikin fararen kaya, sannan ki aiko mini da hanya ɗaya a ambulan? To mu ma a wurinmu addini ɗaya ne karɓaɓɓe, in ba ki sani ba yau ki sani. Abin da kika gaya mini na waya ya sa ni hawaye, ban musa ba, amma wannan daban wancan daban.

Ga labari, a taƙaice, don Harisu ya tayar da mota yana jirana. Haulatu ta yi halin nata. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Malam Nu'uman da dattawa biyu sun yi sallama. Na yi musu iso. Allah ya sa ranar Iya na cikin hankalinta ras. Malam ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, wa kika dogara da shi ranar da uwa ba ta sanin ɗanta?" Ta ɗaga dungayen nan nata sama ta ce, "Na tuba, na tuba. Ni Mai Ceto nake jira." Duk ɗakin aka ɗauki salati. Malam ya miƙe ya fita, bai ƙara mata ko kalma ɗaya ba.

To ke mai maganar ceto, ga shi nan kin ji da bakinta. Magana ta ƙare.

Adawiyya


Jos,
3 ga Satumba, 2001

Yaya Adawiyya,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa, muna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar gajera ce.

Yaya! Sau biyar na karanta takardarki, na ba maigidana ya karanta mini da ƙarfi don in tabbatar ba idona ba ne. Iya ta tuba? Ta kira Mai Ceto a gaban liman da dattawa, a Zango, a wannan zamani? Tsohuwar da ko tashi ba ta iya yi! Na ga yadda kuka firgita har kuka ɗauki salati, na ga yadda malam ya fita cikin fushi bai ce uffan ba. Shirun nan nasa shi ya hana ni cin abinci kwana biyu. Me za su yi mata? Mu nan muna jin abin da ake cewa ana yi wa wanda ya bar addini. Ki tsaya mata, Yaya, ko don kokon da kika ba ta shekara tara.

Na gode da kika gaya mini gaskiya alhali tana miki ɗaci. Wata da ta ɓoye. Zagin da kika yi mini kuma na karɓa, ina da rabo a ciki. Suhaibu kam ban ce komai a kansa ba, jariri na Allah ne, a wurinmu ma haka ne. Maganar mamanki na ɗauki biro na ajiye ya fi sau uku, ban san abin da zan rubuta ba.

Jiya Lahadi na kasa riƙe abin a cikina. Da aka ce mai shaida ya fito, na miƙe na faɗa wa jama'a cewa Allah ya amsa addu'ar Baba bayan shekara biyar da mutuwarsa, kakata Shatu ta Zangon Daura ta kira Mai Ceto a gaban limamin unguwarsu. Matan zumunta na cocinmu suka saki guɗa, suka ɗauko tuluna suna kaɗawa, wata tsohuwa da ta san Baba ta rungume ni har muka faɗi kan benci. Da kina nan, ko ba ki yarda ba, da kin ga abin da waƙar nan take nufi gare mu.

Na karɓi hutu. Ranar Asabar takwas ga wata zan taso, in Allah ya yarda, in ɗauko ta ta ƙarasa kwanakinta a nan inda ba mai taɓa ta. Ki haɗa mata 'yan kayanta.

Ƙanwarki,
Talatu


Zango,
22 ga Oktoba, 2001

Talatu,

Kina raye? Ki fara amsa mini wannan. Mun ji a rediyo abin da ya faru a Jos, Asabar ɗin da kika ce ta zo ta wuce, mako shida ba mota. Mu nan lafiya, in wannan ce lafiya.

Takardarki ta hannun Harisu ta biyo, ya fito garinku da ƙyar da ransa, ya manta ta a aljihun mota har mako uku. Takardar ta makara amma bakinsa bai makara ba. Wata mai sayar masa da dankali 'yar cocinku ce, ta ce masa, "Barka, tsohuwar garinku Shatu ta karɓi Yesu a gaban limaminku." Shi kuma ya sauke maganar a tasha, gaban mutanen da zuciyarsu ke tafasa da labarin Jos. Ni ina gida ban san komai ba, sai na ga mata sun ɗauke ƙafa. Aka yi suna a gidan da ke jikin namu ba a aiko mini da goro ba. Sai da takardarki ta iso na gane daga inda wutar ta taso.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Talatu, wane irin karatu kika yi wa takardata? Mai Ceto ai Annabi ne, sallallahu alaihi wasallama, shi ne mai ceton al'umma ranar tsayuwa, ko yaron goye a garin nan ya san haka. Salatin da muka ɗauka ba na firgita ba ne, an ambaci Annabi ne aka yi masa salati. Malam ya fita ne don ya gamsu, a zaure har ya ce wa Saminu alhamdulillahi, a bar tsohuwa ta huta. "Na tuba" kuwa, wane Musulmi ne ba ya faɗarta sau ɗari a wuni? Ni gori na yi miki, ke kuma kika ɗauka na sallama.

Na zauna ina ta juya takardar ban gane inda kika samo wannan fassara ba, sai Haulatu ta ce, "Ke ba ki sani ba? Ai su ma haka suke kiran Annabi Isa." Na riƙe baki. Shekarata arba'in da ɗaya a duniya, wallahi ban taɓa sanin sunan nan yana da masu shi biyu ba. Tun ranar in Iya ta ce Mai Ceto sai gabana ya faɗi, sunan da nake jin sanyi in an ambata.

Malam Nu'uman ya dawo don ya sake tambayarta, ya tarar hankalin ya tafi. Kabo take kiransa, tana ce masa ya koma ya ɗauko yaron. Ya fito tsakar gida ya ce mini, "Adawiyya, ni ba na shiga zuciyar mutum. Amma jikarta ta cikinta ta yi shela a bainar jama'a. In ba ta janye ba, ba zan tsaya gaban gawa in ja mutane cikin shakka ba." Na yi kuka, na yi magiya, ya ce ba ƙiyayya ba ce, amana ce a wuyansa.

Saboda haka ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ki rubuta a takarda daban cewa Iya ba ta taɓa bin addininku ba, ki sa hannu, in kai masa. Ki yi sauri. Yanzu ludayi uku take sha ta kau da kai, ƙafafunta sun fara kumbura. In matar nan ta cika aka tura ta rami ba salla kamar mushe, Talatu, ba ni ba ke har abada.

Mako shidan nan kullum sai na zage ki, kullum kuma sai na roƙi Allah ya sa ba a kashe ki ba. Ki amsa mini.

Adawiyya


Jos,
12 ga Nuwamba, 2001

Yaya Adawiyya,

Ina raye, maigida da yara ma suna raye, mun gode Allah. An ƙone shagonsa, mun bar unguwarmu mun koma wurin ƙanwarsa. Kwana tara na yi a asibiti ban ga gida ba, muna ta ɗinki. Duk wanda aka shigo da shi "Wayyo Allah" yake cewa, sai na duba kati nake sanin Musa ne ko Markus. Ina gaida Malam Saminu, ina gaida Iya.

Yaya, da na gama karanta takardarki na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ɗauko waccan ta watan Agusta na sake dubawa, ga maganar nan a fili yadda kika ce, ni ce na karanta abin da nake so. A gidan mishan aka haifi Baba, a unguwar masu bi na tashi, kalmar nan tun ina jaririya mutum ɗaya take nufi a kunnena. Ashe ina tsaye a coci ana guɗa, ni ramin kakata nake haƙawa. Kunya ta hana ni kallon madubi.

Na je wurin fastonmu na gaya masa duka. Ya ce kada in janye shaida don tsoron mutane, wa ya sani ko abin da na fahimta shi ne gaskiyar zuciyarta. Na ce masa ni ma ban sani ba, shi ya sa ba ni da ikon yin shela. Jiya na sake miƙewa a gaban jama'ar nan na ce na yi kuskuren karatu. Ba wanda ya yi guɗa. Tsohuwar da ta rungume ni wancan karon ta sunkuyar da kai, har aka tashi ba ta dube ni ba.

Kada ki ɗauka na sauya. In na ce miki na daina gaskata hanya ɗaya ce, na yi miki ƙarya. Amma duk lokacin da na zo ɗora maganar a kan mamanki da ban taɓa gani ba, ko a kanki ke da kike wankin kakata, sai bakina ya ƙi. Na tambayi fasto wannan ma, ya buɗe littafi ya karanta mini, na ji, na yarda, na dawo gida bakin bai buɗe ba. Ke fa, Yaya? In kin tuna Baba, ina kike ajiye shi? Ya ga koren kwanon da aka ware masa a gidanku don kada ya haɗa baki da kowa. A mota ya yi dariya ya ce, "Uwata an ware mata don cuta, ni an ware mini don addini, gado na ci."

Ga takardar malam na sa a ciki. Ki gafarce ni, ban rubuta yadda kika ce ba. Ba zan iya cewa ba ta taɓa bi ba, don ban sani ba, kuma rashin sani ne ya kawo mu nan. Abin da na rubuta shi ne:

"Ni Talatu Hamma, jikar Shatu, na shaida ban taɓa jin Iya ta ce ita Kirista ce ba, mahaifina ma ya tambaye ta bai ji haka daga bakinta ba. Abin da na faɗa a coci kuskurena ne wajen karanta wasiƙa, na janye shi a gaban waɗanda suka ji."

Da nake sa hannu ji na yi kamar na saki hannun Baba a tsakiyar kasuwa. Allah ya sa ta isa.

Abu ɗaya nake roƙo. In hankalinta ya dawo ko na minti ɗaya ne, ki rufe ƙofa, daga ke sai ita, ki tambaye ta wane Mai Ceto take kira. Ko wane ta ce, ki gaya mini. Na yi alkawari zan ɗauka.

Ƙanwarki,
Talatu


Zango,
20 ga Disamba, 2001

Ƙanwata Talatu,

Bayan gaisuwa da jajen shago, ina yi miki ta'aziyya, ke ma ki yi mini. Iya ta rasu ranar Litinin, ashirin da huɗu ga azumi, da la'asar sakaliya, kanta a cinyata. Sauran gida lafiya, mun yi salla ba daɗi.

Takardarki ta riga mutuwar da kwana goma sha biyu. Da na ga ba ki rubuta yadda na ce ba, na ce shi ke nan yarinyar nan ta kashe ni. Na dai sa mayafi na kai. Malam Nu'uman ya karanta sau biyu, ya cire tabarau. Ya ce, "Da ta rubuta abin da kika ce, da ban yarda ba, don ba ta da hanyar saninsa. Wannan ta faɗi iya abin da ta sani. Mu zahiri aka ba mu, zahirin Iya kuwa salla ne da carbi." Shi ya sallace ta da kansa. Saminu ya ce sahu bakwai aka yi, har Harisu yana na gaba yana sharar hawaye, munafuki. Ni da Haulatu muka yi mata wanka.

Saura abin da kika roƙa. Na rantse ba zan tambaya ba, na ce wa kaina an samu takarda, me kuma nake tono. Amma kwana uku kafin ta cika, da hantsi, ta buɗe ido tangaran ta kira sunana daidai, har ta yi mini faɗa wai kunun ba tsamiya. Sai na ga ƙafata ta kai ni na tura ƙofa. Na durƙusa na ce, "Iya, Mai Ceton nan da kike kira, wane ne?"

Ta dube ni irin kallon da take mini in na ƙona tuwo. Ta ce, "Wanda Hamma yake hannunsa mana."

Na ce, "Iya, Hamma fa kin san a kan abin da ya mutu."

Ta ce, "Na sani. An hana ni shi ta waya, Kabo ya hana ni shi a ƙofar asibiti. Inda ya kai mini ɗa, can zai kai ni. Ba ni kunun."

Talatu, na ba ta kunun. Na fito na zauna bakin murhu har wutar ta mutu ban sani ba. Na ce wa kaina ai kowane mamaci a hannun Allah yake, ba ta faɗi wani abu ba. Can kuma wata zuciyar ta ce, ke ma kin san ba haka Talatu za ta karanta ba. Da ajali ya zo na yi mata kalmar shahada a kunne, leɓɓanta sun motsa, na ji abin da na ji, amma in aka ɗora mini Alƙur'ani ba zan rantse a kan harafi ko ɗaya ba. Da maza suka ɗauki makara ina tsaye bayan ƙyaure, maganar nan na cikina. Ko Saminu ban gaya wa ba.

Kin tambaye ni ina nake ajiye babanki. Da can ina da amsa, a shirye take, ba na ko tunani. Addinina yana nan inda yake, ban matsa ko taku ɗaya ba, a kansa nake fatan cikawa. Amma yanzu in na zo faɗar amsar sai in ga tsohuwar nan tsaye bayan waya, sai in yi shiru. Ciwon bakinki ya kama ni.

Maganar kwano kuma. Ni ce na ware masa shi, da hannuna, kuma da kuka tafi ni na ce a jefar bayan gida. Sai da na karanta takardarki na tashi na ɗauko koren kwanon Iya na juya shi, ga ɗan zanen da na yi da ƙusa a gindinsa don kada ya gauraya da namu. Shekara bakwai ina zuba mata koko a ciki safe da yamma, ina ce mata rigimar tsufa ce ta sa ba ta son sabo.

Na naɗe shi a ɗankwalinta na ba Harisu, ki karɓa, gefen da ya lotse ni ce. In hanya ta yi kyau ki zo ki ga inda aka sa ta, a kwano ɗaya za mu ci.

Maganarta kuwa ke kaɗai na ba. Don girman Allah, Talatu, wannan karon kada ki kai ta coci. Ni ma ba zan kai wa Malam ba.

Yayarki,
Adawiyya